Numfashin da Muka Yanke Daga Waƙar Mama

Da na sauka a Kwatano, abin da na fara ganewa shi ne Tanimu, mutumin da ya kira ni aiki can, ba shi da situdiyo. Yana da ɗaki, yana da katifa guda, yana da daɗin baki, amma situdiyon da ya yi ta kwatanta mini a waya, mai soso a bango da manyan sifiku, har na bar garin ban sa shi a ido ba. Kullum gyara ake yi. Yau mai fenti bai zo ba, gobe mai makulli ya yi tafiya. Ni kuwa da na kinkimo fiyanona da kwamfutata tun daga Funtuwa, sai na zauna ina jira.

Abin da ya fitar da ni daga gida ƙaramin abu ne, har nauyin faɗarsa nake ji. Ƙara ce. Ina da ɗan shagon ɗaukar waƙa a Funtuwa, ina yi wa mawaƙan coci da na biki aiki. Kiɗana ba shi da laifi, kowa ya san haka. Amma duk waƙar da ta fito daga hannuna, in aka sa ta bayan waƙoƙin Legas, sai ta koma kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. Wata safiya ina zaune wurin mai shayinmu, sifikarsa na ta zubo waƙoƙi, sai tawa ta shigo. Ina kallonsa ya ajiye kofi ya miƙa hannu ya ƙure ƙarar, sannan ya juyo ya ce, "Ishaya, wai waƙoƙin nan naka kunya suke ji ne?" 'Yan acaɓan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce shi duk waƙar da ba ta danne kukan mashin ɗinsa ba, ba ya cika wayarsa da ita. Na taya su dariya, amma shayin ban iya shanye shi ba. Ba a jima ba masu kawo mini aiki suka fara wucewa Kaduna, har da mawaƙan cocinmu.

Mama kaɗai ce ba ta taɓa cewa waƙata ba ta da ƙarfi ba, sai dai ita dama ba ta cika ce mini komai ba. Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "mai kiɗan nan", tana kallon wani wuri daban. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocin ƙauyenmu, can ƙasar Kafur, tana bayarwa mata na amshi suna buga tulu. A gaban jama'a muryarta kan cika coci har ta fita ta taga. Amma da na yi tafiya, in ƙanwata Rifkatu ta miƙa mata waya, sai ta ce, "Lafiya? To madalla," ta mayar mata. Rifkatu ce ta samo dabara. Ta ce, "Mama, tunda kin ƙi magana, yi masa waƙa." Daga nan duk Lahadi bayan an taso sujada sai saƙon murya ya shigo wayata. Mama ce zaune a tsakar gida tana rera abin da ta bayar a coci ranar, kaji na kuka a bayanta. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe ni.

Tanimu ya ce shi mutumin Dandume ne, ko da yake duk wanda na ambata a Dandume sai ya ce ai ya daɗe rabonsa da gida. Ya riƙa yawo da ni gidajen biki, ina kaɗa fiyano yana nuna ni a matsayin yaronsa, in an tashi ya ce in jira shi a waje. Ba na jin Faransanci, saboda haka duk abin da aka faɗa a kaina sai abin da ya ga dama ya juya mini. Na san ana cutata. Mutum yakan sani, sai dai ya yi ta lallashin kansa don ba ya son komawa gida hannu rabbana. Wata rana na fita sayo burodi, na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, ba Tanimu, ba katifa, ba fiyano. Matar da ke da gidan ta tsaya a kaina tana zazzaga masifa da yaren da ban san ko kalma ɗaya a ciki ba, tana nuna mini titi. Kwamfutar ta tsira ne don ba na rabuwa da ita, ko wanka zan shiga tana rataye a ƙusa inda idona ke kai.

Fiyanon nan tsoho ne, a Malumfashi na saye shi hannu na biyu, akwai maɓallin da ba ya tashi sai an ɗago shi da farce. Amma da shi na koyi duk abin da na iya. Na zauna a bakin kwata na yi kuka mai isata, ban ji kunyar kowa ba tunda ba wanda ya san ni. Da yamma Rifkatu ta kira ta ce, "Yaya, ya aiki?" Na ce lafiya lau, situdiyo ya kusa buɗewa.

Wani direban motar albasa, Bahaushen Nijar, shi ya fitar da ni daga garin. A tasha na same shi yana ɗaure tamfol, na ji yana zagin igiya da Hausa, na matsa na kama masa ɗaya bakin. Da ya ji labarina bai yi mini wa'azi ba, bai ce ai da na yi hankali ba. Cewa ya yi Akra za shi, kuma ya ji ana cewa masu kiɗa sun yi yawa a can, in ina iya zama da warin albasa in hau. Haka muka ratsa Lome ina tsakanin buhuna, teku na hagu da ni, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin garinmu ba. Ban ji daɗin ganinsa ba. Nisa kawai ya nuna mini.

A Akra ya sauke ni a Nima, unguwar da Hausa ke tashi ta kowace kusurwa, Hausar da ke kama da tamu amma ta sha ruwan wani wuri. Na yini a kan wani benci kusa da wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai. Da rana ta yi zafi ta dube ni ta ce, "Kai yaro, tun safe kana kallon tukunya na. Yunwa ne ko magana ne?"

Na ce, "Duka biyu, Hajiya."

"Daga wane gari?"

"Ƙasar Katsina."

"Kakana ma daga Katsina ya zo da fatauci, bai koma ba. Matso ka sha."

Sunanta Hajiya Memuna. Ta ba ni tabarma a barandar gidanta, ni kuma na riƙa ɗebo mata ruwa ina wanke tukwane. Da ta gane ni Kirista ne, sai ranar Lahadi da sassafe na ji tana taɓa ƙafata da sandarta tana cewa, "Tashi ka tafi cocinka, kada mamanka ya ce na lalata mata yaro." Ita ce kuma ta haɗa ni da Kwesi, wani mai situdiyo da ke tsayawa sayen koko wurinta kowace safiya. Ban san me ta gaya masa da yarensu ba, na dai ga ta riƙe ledar kokonsa ta ƙi saki sai da ya ɗaga kai.

Kwesi mutum ne mai ƙarancin fara'a. Da Turanci muke magana, nasa na gudu nawa na ɗingishi. Na daɗe ina shara da naɗe wayoyi kafin ya yarda ya saurari aikina. Na zaɓo waƙar da na fi ji da ita na sa masa. Ko rabi ba ta kai ba ya tsayar.

Ya ce, "Mutum nawa ka tara a ɗakin nan?"

Na fara lissafo masa da alfahari, ga garaya, ga kalangu, ga tulu, ga fiyano, ga jita.

Ya ce, "Kuma duk lokaci ɗaya suke magana. In ka matse su faɗa za su yi."

A wurinsa na gane ƙarar da nake nema ba a maɓallin sifika take ba. Sauti yana da rufin da ba ya wucewa, in ya wuce sai ya yage. Saboda haka a gyaran ƙarshe, wanda suke kira mastarin, ana sa waƙa a na'urar matsi, ta danne duk abin da ya yi tsawo, sannan a ɗago komai gaba ɗaya har ya taɓa rufin. Da ya gwada mini sai na tuna yadda muke cusa auduga a buhu a gida, mutum ya shiga ciki yana tattakawa har buhun ya yi tauri. A fuskar kwamfuta tawa waƙar tana hawa tana sauka, tasa kuwa a miƙe take sama da ƙasa kamar bulo.

Amma ya ce matsin shi ne ƙarshe, aikin tun wajen shirya kiɗa yake farawa. Duk abin da ba dole ba a cire shi. Kayan kiɗa biyu kada su yi magana a wuri ɗaya, in murya ta shigo garaya ta ja da baya. Sauti mai kauri shi ke cinye wuri, don haka tulun nan na zumunta, da amonsa mai tsawo da nake ji har cikin cikina, sai ya sa aka datse masa wutsiya ya koma ɗan gajeren bugu. Ranar na ji kamar an yi wa tsohuwa aski. Na yi masa gardama, ya ce in je in tsaya a bakin titi da waya a hannu in gaya masa ko na ji wutsiyar. Na je. Ban ji ta ba.

Aikin da ya fi ba ni shi ne yanke numfashi. Na'urar matsi ba ta san waƙa ba, ba ta san shara ba, duk abin da ke ƙasa ɗago shi take yi. In ka bar numfashin mawaƙi tsakanin baiti da baiti, sai ya fito da ƙarfi kamar wanda kare ya biyo. Saboda haka kafin a matse murya sai an bi ta ana cire kowane jan iska. Wata da watanni ina zaune da hedifon a kunne ina yankan numfashin mutane. Har na kai ina gane mai shan taba, ina gane wanda ya cika cikinsa kafin ya zo, ina gane yarinyar da tsoro ya kama a gaban makirfo. Na koyi jin ɗaki ma, ko a fili aka ɗauki murya ko a tsakanin bango. Kunnuwana kan yi zafi in an tashi, in fito titi in ji duniya ta yi laushi kamar an lulluɓe ta da bargo.

Kewar gida kuwa ba ta sake ni ba. Abincinsu na da daɗi amma ba tuwon masara da miyar kuka ba ne. In hadari ya haɗu a Akra sai in kama kaina ina tunanin ko an yi shuka a gonarmu, ko Rifkatu ta sami masu yi mata huɗa. Ranar Lahadi ita ce ranata. In na dawo coci sai in zauna a barandar Hajiya in kara waya a kunne. Mama tana da wata al'ada a waƙa. In ta zo wurin da ya fi nauyi ba ta ɗaga murya, saukar da ita take yi, har sai matan sun matso sun kasa kunne, sannan su ɗauki amshi. Nakan jira wurin nan kamar yadda ake jiran a buɗe tukunya.

Da kaka ta kusa a gida, Kwesi ya ce lokaci ya yi da zai gwada ni. In kawo waƙa daga garinmu, in shirya mata kiɗa, in matse ta da hannuna ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da nasu. Ban yi dogon tunani ba. Saƙon Mama na wannan makon waƙarta ce ta kanta, wadda ta tsara tun muna yara, mai cewa Mai gona na tafe, bari ya same mu da fartanya a hannu. Na zuba muryar a kwamfuta, na yi mata kiɗa mai sauƙi yadda aka koya mini, tulu gajere, garaya na shigowa tana ficewa. Ɗoki ya sa ban tsaya yanke numfashi ba, na ce bari in fara jin yadda za ta kasance. Na ɗora matsi, na danna shi sosai.

Baitin farko ya fito da ƙarfi har na yi murmushi. Da ta kai ƙarshensa ta ja iska, sai na ji wani siririn fito, a bayansa kuma wani abu na ɓulɓuli kamar ruwa a gindin buta. Na ce wayar Rifkatu ce ta tsufa. Na mayar baya na sake ji. Yana nan, kuma bayan kowane baiti yana nan. A waya ban taɓa jinsa ba, don yana can ƙasa inda kunne ba ya kai, matsin ne ya ɗago shi ya ajiye mini a gaba.

Na buɗe tsoffin saƙonnin na jera su, na bi su da na'urar ɗaya bayan ɗaya. Na lokacin Kwatano tas suke, Mama na ɗaukar baiti biyu da numfashi guda. Na farkon damina ta fara yanka baiti a tsakiya. Daga nan fiton ya shigo. A na baya-bayan nan akwai 'yan wuraren da sautin ke tsinkewa ya ci gaba, alamar ana tsayar da ɗauka ana sake kunnawa. Sannan na lura da wani abu. Babu kaji. An daɗe babu kaji. Sautin na tsakanin bango ne, kuma in ta motsa akwai kukan gadon ƙarfe.

Kwesi ya shigo ya same ni na ƙura wa kwamfuta ido. Ya ce me ya sa ban yanke numfashin ba, sau nawa zai faɗa. Na miƙa masa hedifon. Ya saurara, ya mayar baya, ya sake saurara, sannan ya cire ya ajiye a hankali.

Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Mahaifiyata."

Can ya ce, "Ni ba likita ba ne. Amma babana haka ya riƙa numfashi. Da ni ne kai, ba zan tsaya gama waƙar nan ba."

Na fita waje na kira Rifkatu. Ta ɗauka da fara'arta ta kullum.

"Yaya Ishaya, lafiya lau muke. Mama ɗan tari ne, ka san sanyin kaka."

Na ce, "Ina kaji?"

"Waɗanne kaji?"

"Kajin da ke kuka a bayanta in tana waƙa. Tun yaushe ta daina fitowa tsakar gida?"

Sai na ji ta fashe da kuka. Ta ce tun farkon damina ne. Ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a asibiti an ce zuciya ce ke tara mata ruwa a ƙirji. Ta daɗe ba ta je coci ba. Waƙar da nake ji ta 'yan mintuna, yini guda suke yi a kanta, ta yi baiti ta huta, Rifkatu ta tsayar, ta ba ta ruwa, su ci gaba.

Na ce, "Kuma kika iya ɓoye mini?"

Ta ce, "Ita ta hana. Ta ce ka fita neman abu, a bar ka ka samo. Ta ce in ka ji za ka taso hannu wofi, a yi maka dariya a Funtuwa. Ta ce in Lahadi ta wuce ba waƙa za ka gane, shi ya sa ko ba ta ci abinci ba sai ta yi."

Na yi wa Rifkatu faɗa, faɗan da ba nata ba. Haka muke a gidanmu da ƙauyenmu duka, ba a gaya wa na nesa ciwo, sai a ce da sauƙi har ranar da za a ce ya zo ana nemansa. Ni ma da aka sace mini fiyano ai lafiya lau na ce. Amma a bakin titin nan na Akra haushin al'adar ya cika ni, na ji ina ƙin ta kamar mutum.

Kwesi ya ce in bar masa aikin a na'urarsa zai ƙarasa. Hajiya Memuna ta ƙulle mini garin rogo da sukari da gyaɗa a leda, ta raka ni har bakin titi tana dogara sanda. Ta ce, "Ka gaida mamanka. Ka ce wani tsohuwa a Nima ya riƙe mata yaro, bai rame ba." Na durƙusa na yi mata godiya, ta ce in tashi mota za ta wuce ni.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. A kowace iyaka sai an sauke mu an zazzage jaka. A wata wani jami'i ya riƙe kwamfutata yana juya ta yana tambayar takardar da ban taɓa jin sunanta ba, sai da wata 'yar kasuwa da ke kujerar bayana ta sauko ta yi ta magana da shi kafin ya sake ta. Ko sunanta ban tambaya ba. Bayan Legas mota ta lalace muka yini a gefen hanya. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in yi wuf in duba ko Rifkatu ce. A nan saƙon Kwesi ya shigo, waƙar ce ya gama. Na sa a kunne. Ya yanke numfashin duka, ya ɗinke baitocin da suka tsinke, ya matse ta ta tsaya cak. Mama ce, amma Mama ta da, wadda ke cika coci. Direba da yaransa na bugun ƙarfe a ƙarƙashin mota, amma ko kaɗan ba su danne ta ba.

Na wuce Zariya, na wuce Funtuwa ban ko leƙa shagona ba, daga Malumfashi na hau acaɓa. Auduga ta yi fari a gonaki, an jibge masara a ƙofar gidaje. A tsakar gidanmu matan maƙwabta na ɓarar masara, suka yi mini sannu da zuwa da murya ƙasa-ƙasa. Kajin suna nan.

Na same ta a jingine da matasai, ta ragu har zanen ya yi mata yawa. Numfashin da na ji a na'ura yanzu ba ya bukatar na'ura. Da ta gan ni ta kawar da kai gefe yadda ta saba, ta ce wa Rifkatu, "Wa ya gaya masa?"

Rifkatu ta ce, "Ba kowa, Mama. A cikin waƙar ya ji."

Mama ta gyara zama a jikin matasan. Sannan ta ce, "To. Ashe tafiyar ta yi amfani."

Kashegari da hantsi, bayan ta ɗan sha kunu, ta ce wa Rifkatu a ce wa mai kiɗan nan ya sa abin da ya koyo a ji. Na aro sifika wurin maƙwabcinmu na ajiye a bakin gado na kunna. Muryar ta cika ɗakin ta fita tsakar gida. Matan da ke ɓarar masara suka taso da gudu suka cika ƙofa, wata har tana kiran sunan Mama, tana cewa Laraba ta tashi. Suka tarar da ita a jingine yadda suka bar ta, sai suka tsaya.

Mama ta rufe ido tana bin waƙar da leɓe. Baiti na farko ta bi. Kafin ta gama jan iska, muryar cikin sifikar ta riga ta shiga na biyu, ba ta jira ta ba. Ta sake gwadawa a na uku, ta kasa. Sai ta buɗe ido ta ce, "Wannan matar ba ta gajiya ne?" Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, Rifkatu ta riƙe ta har ya lafa.

Da ta sami kanta ta ce, "Wurin da nake sauka fa? Ban ji shi ba."

Na ce yana nan, na'urar ce ke ɗago shi ya yi daidai da sauran. Na ce ina da wata a kwamfuta wadda ba a taɓa komai ba, in tana so in sa.

Ta ce, "A'a. Wannan za ku sa ranar. Kada a ji ni ina haki a gaban mutane." Wannan maganar ni ta kalla ta faɗa, ido cikin ido, abin da ban saba da shi ba. Ta ƙara da cewa, "Mai kiɗa, ka iya." Sunana dai ba ta kira ba, har ta rasu ba ta kira ba, kuma ban ji ciwon haka ba.

Ba ta ga ƙarshen kakar ba. Ranar jana'iza muka yi yadda ta ce. Aka sa waƙar a sifikun coci, ta kai har gonakin bayan gari, matan zumunta suka ɗauki tulunansu suna yi mata amshi suna kuka. Daga nan waƙar ta bi wayoyi. Yau in ka tsaya a Malumfashi ranar kasuwa za ka ji ta ta wuce a kan mashin, kukan injin bai taɓa ta ba.

Da na koma Funtuwa na buɗe shago, wata safiya ina wurin mai shayinmu sai ta shigo a sifikarsa bayan wata waƙar Legas. Ina kallonsa ya miƙa hannu ya rage ƙarar. Ya juyo yana washe baki ya ce, "Ishaya, yanzu kam kunyar ta fita." Bai san muryar wace ce ba, ni kuma ban gaya masa ba. Na ajiye kofin na tashi. Aiki ya dawo, har daga Kaduna ake kawo mini. Kullum ina zaune ina yanke numfashin mutane, kuma ina yi da kyau.

Amma wadda na haɗa a Akra ranar da ɗoki ya hana ni yanke numfashin tana nan a kwamfutata, ban ba kowa ba. Ranar Lahadi in na je gida, bayan an taso sujada, nakan zauna a tsakar gida in sa hedifon. Rifkatu ta san abin da nake ji, sai ta ɗauki bokiti ta fita. Nakan saurari Mama tana jawo iska da ƙyar, tana hutawa, tana sake jawowa, don ta ƙarasa mini baitin.